Muryar Muhaimin a Motar Kamfe

Saura kwana goma sha tara a yi zaɓen shugaban ƙasa, saura kwana talatin da uku a ɗaura auren Zulfa. Ita na biyun kawai take lissafawa, na farkon ko a jikinta.

Duk unguwar Alabar an san maganar. Tun bayan Babbar Sallah aka kai goro, dangi suka raba suka ci, mahaifinta Alhaji Bawah ya faɗa da bakinsa cewa ya ba Muhaimin. Abin da ya roƙa kawai shi ne a bari hayaniyar zaɓe ta lafa, don a Zongon Kumasi idan kamfe ya yi zafi, ko gaisuwar mutuwa mutum ya je sai an dubi hular da ke kansa.

Muhaimin ba shi da gida, ba shi da mota. Abin da Allah ya ba shi murya ce, mai kauri, mai sanyi, irin wadda ko tallan maganin basir take yi sai ka tsaya ka ji ƙarshensa. Yana da ɗan ɗakin ɗaukar murya a Sofoline, kwantena ce da ya liƙe cikinta da soso. Nan yake ɗaukar talla da Hausa da Twi, masu motocin lasifika su zo su karɓa su zaga gari. Lokacin zaɓe kuwa jam'iyyun biyu duk suna zuwa, 'yan Fitila da 'yan Tsani, kuma duk yana yi musu. Idan aka tsokane shi aka ce wace ce tasa, sai ya yi dariya ya ce shi maƙogwaro kawai yake ba da haya.

Zulfa ta sha yi wa wannan magana dariya. Ba ta taɓa zama ta auna ta ba.

Shi kuwa Alhaji Bawah shekara ashirin da huɗu yana wa Fitila bauta. Ya ba su zaurensa sun yi taro, ya tsaya musu a rumfar zaɓe cikin rana, ya yi gaba da abokai saboda su. Amma kafin ya zama ɗan jam'iyya shi maigidan fatake ne. Masu kawo shanu daga arewa, daga Burkina da Mali da Nijar, a gidansa suke sauka, shi yake sayar musu, shi yake tsaya musu. Kuma wannan sana'a tana da dokarta tun kaka da kakanni: duk wanda ya taka zaurenka sai ya sha ruwa kafin ka tambayi sunansa, idan babban baƙo ne ba ya fita hannu wofi.

To, mako biyu da suka wuce tawagar ɗan takarar Tsani ta zo zagaya Zongo, suka yi sallama a ƙofarsa. Me ake so ya yi? Ya shimfiɗa musu tabarma, ya ba su ruwa da goro, da za su tafi ya sa aka jawo musu rago, kamar yadda ubansa zai yi. Ya kuma gaya musu a fuskarsu cewa ƙuri'arsa ba tasu ba ce. Wannan maganar ba wanda ya ɗauka a waya. Hoton ragon aka ɗauka, kafin la'asar ya shiga wayar kowa.

Ranar Talata da safe Zulfa tana tsakar gida tana ɗaura mayafi, za ta fita shagonta na turare da mayafai a Adum. Mahaifiyarta, Mma Azumi, tana kwashe koko. Alhaji yana zaure da fatake biyar suna karyawa. Sai ga motar kamfen 'yan Fitila ta shigo layin a hankali, lasifika na tashi.

Tun kafin ta gane kalmomin ta gane muryar. Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, don ta san yanzu matan gidan za su fara tsokanarta cewa ga angonta ya zo gaisuwa. Murmushin bai kai ko'ina ba.

“Jama'ar Zongo, ku buɗe ido. Akwai masu sa hularmu da safe su cire ta da yamma. Kakanninsu bayan wutsiyar saniya suka shigo ƙasar nga, ba wanda ya san garinsu. Wanda ba shi da asali a ƙasa, ina zai san amanarta? Ga sunan maci amana, ku riƙe shi da kyau.”

Muryar ta ɗauke. Wata siririyar murya daban, mai kama da ta mai mura, ta faɗo cikin gurbin:

“Alhaji Bawah Mai Shanu, na Alabar.”

Motar ta tsaya daidai ƙofar gidan, ta maimaita sau uku, sannan ta wuce layi na gaba.

Ludayin da ke hannun Mma Azumi ya faɗa cikin tukunya. Zulfa ta leƙa zauren. Mahaifinta ya ajiye kofinsa a ƙasa, bai zubar da ko ɗigo ba. Ya dubi fataken ɗaya bayan ɗaya ya tambaye su muryar wa ce wannan. Ai ba don bai sani ba ya tambaya, mutumin da yake sa Muhaimin ya karanta masa addu'a a zauren nan don daɗin muryarsa.

Ba ta je Adum ba. Ta shiga trotro, motar haya, zuwa Sofoline, hawaye na zuba tana sharewa da bakin mayafi, mata biyu a gefenta suna kallonta suna magana da Twi ƙasa ƙasa.

Ta same shi zaune a ƙofar kwantenar, waya a hannu, fuskarsa ta yi fari fat. Labari ya riga ta isowa. Ya miƙe zai yi magana, ta ɗaga masa hannu ta ce abu ɗaya take so ta ji: muryarsa ce ko ba tasa ba ce.

“Tawa ce,” ya ce. “Amma wallahi Zulfa ban sani ba kraa, ko kaɗan. Tun watan takwas na yi aiki nga, Baaba bai ma karɓi baƙin ba lokacin.”

Ya yi mata bayani yana haɗa kalmomi da ƙyar. Haka aikin yake, kowa a harkar ya sani. Jam'iyya tana kawo takarda, mai murya ya karanta zagin gaba ɗaya, ya bar gurbi na daƙiƙa uku. Su tafi da shi su ajiye. Ranar da suka sami wanda suke so su tozarta, sai su sa wani ya faɗi sunan su liƙa. Ya yi wa Fitila irinsa, ya yi wa Tsani irinsa. Wannan ɗin Hafiz ne ya kawo masa takardar, shugaban matasan Fitila na unguwarsu.

Zulfa ta rufe ido da ta ji sunan. Hafiz ya nemi aurenta bara, ta ce a ba shi haƙuri, ya karɓa da dariya har yana cewa Allah ya sa hakan ya fi alheri.

“Na zata na manyan Accra ne,” Muhaimin ya ce. “Masu tsallakewa daga wannan fatin siyasa zuwa wancan.”

“Wane babban Accra ne kakansa ya shigo bayan wutsiyar saniya?”

Ya sunkuyar da kai, ta ci gaba.

“Ka karanta da bakinka, Muhaimin. Ka san ɗan Zongo za a sa a gurbi nga. Ka san tsoho ne mai shanu, mai 'ya'ya, mai zuwa masallaci. Ka san uban wata ne. Abin da ba ka sani ba kawai shi ne nawa ne.”

Ya durƙusa a gabanta a bakin titi, masu sayar da kaya na kallo, yana kuka kamar ba namiji mai gemu ba. Ya ce ta yafe masa, ya ce zai gyara, ya ce ko wuta za a sa shi zai shiga. Abin haushin shi ne har yanzu tana son sa. Ta so ta tsane shi ko na yini ɗaya ne don ta samu sauƙi, zuciyar ta ƙi. Ta juya ta tafi ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba.

Kwana biyu motar tana zagayawa, safe da yamma. Yara suka haddace maganar suna rerawa a hanyar makaranta. Fatake uku suka tattara jakunkunansu suka koma gidan wani maigidan, suna ba da haƙuri, wai suna tsoron a fara tambayarsu takardu saboda shi. Alhaji ya raka su har bakin titi ya yi musu addu'a. Da ya dawo bai ci abinci ba.

Ranar Laraba Hafiz ya zo da kansa, cikin farar shadda, ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya gaida Alhaji kamar ɗan da aka haifa a gidan. Zulfa tana bayan labulen zaure tana ji. Ya rantse ba da son ransa aka yi ba, umarni ne daga sama, shi ma abin yana damunsa paa, ba kaɗan ba. Amma akwai mafita. Ranar Juma'a akwai babban gangami. Alhaji ya hau dandali ya faɗa wa jama'a cewa yana nan a Fitila, ya kuma sanar cewa ya fasa ba mai muryar nan 'yarsa. Don a cewarsa, abin da ya fi ɓata wa manya rai ba ragon ba ne, surukin ne, yaron da kowa ya san shi yake wa Tsani talla. Idan aka yi haka, a ranar za a cire sunan.

Zulfa ta ciji leɓenta har ta ji ɗanɗanon jini. Mutanen da suka yi hayar muryar suka yanka ubanta da ita, su ne kuma suke kiran mai muryar maƙiyi. Hafiz bai ce komai game da kansa ba, yana da wayo. Sau uku dai ya tambayi lafiyar Zulfa kafin ya tashi.

Alhaji ya sa aka ba shi ruwa, ya sha. Ya ce ya ji, Allah ya yi masa albarka. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Da yamma ta sami Mma Azumi a ɗaki tana ninke zannuwan da aka tara na biki, tana ninkewa tana warwarewa. Zulfa ta zube a jikinta ta fashe da kuka, tana cewa bai sani ba, Mma, wallahi bai sani ba.

Uwar ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ba ta labarin da ba ta taɓa ji ba. Shekarar da aka kori baƙi daga ƙasar, Alhaji yana ɗan shekara bakwai. A nan Alabar aka haife shi, a nan aka haifi ubansa. Amma ya ga maƙwabta ana loda su a manyan motoci da tukwanensu, ya ga ubansa yana yawo da wata tsohuwar takarda cikin hula, yana nuna wa duk mai kaki da ya tare shi. Tun daga nan ba kalmar da yake tsoro kamar a ce masa baƙo. Abin da ya sa ya rungumi jam'iyya ke nan, don ya zama yana da inda za a ce nasu ne.

“Da maci amana kawai aka ce, da ya daure,” ta ce. “Amma a ce ba shi da asali, kuma da bakin yaro nga da shike kira ɗana? Zulfa, ni ban ce ki bar shi ba. Amma ki gaya mini, in kun yi aure ya zo gaishe da Baabanki, da wace murya zai yi sallama?”

Ta kifa kai a cinyar uwarta, suka yi ta kuka su biyu.

Muhaimin kuwa ya cika alkawarin da ya yi, ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ranar Alhamis da hantsi ya je wurin mai lasifikar unguwa, inda ake sanarwar suna da rasuwa, ya roƙa aka ba shi makirfo. Duk Alabar suka ji shi. Ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce shi ya karanta maganar, ƙarya ce daga farkonta har ƙarshenta, Alhaji Bawah ɗan ƙasa ne kuma mutumin kirki, shi ne mai laifi. Sau biyu kuka ya tsayar da shi.

Zulfa tana shago a Adum aka turo mata a waya. Ta saurara hannunta a ƙirji, a karo na farko cikin kwana uku ta ji kamar akwai sauran hanya. Ta rufe shagon ta kamo hanyar gida.

Tun a cikin trotro ta gane ta yi saurin murna. Wani mai jaka a kujerar gaba yana kunna maganar, yana dariya, yana tambayar na kusa da shi ko wa ya biya yaron wannan karon. Na kusan ya ce ai kukan ma yana cikin aikin, ka ji yadda ya iya. Muryar da aka saba ji tana yabon maganin basir da safe, tana yabon Fitila da rana, tana yabon Tsani da yamma, ranar da ta zo faɗin gaskiya ba ta sami mai saye ba. Kafin azahar 'yan Fitila sun baza cewa ga shaida nan, suruki ya fito kare suruki, gidan duk na Tsani ne. 'Yan Tsani kuma suka aika masa cewa kada ya ƙara taka ofishinsu, tunda ashe shi yake wa abokan gabarsu aiki a ɓoye.

Ta tarar da mahaifinta shi kaɗai a zaure yana jan carbi. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta ce Baaba ya ji abin da Muhaimin ya yi yau.

Ya ce ya ji. Ya ce dandalin Hafiz ba zai hau ba, ko za su shekara suna zagayawa, don ba zai tsaya gaban yaran da aka haifa a idonsa yana rantse musu cewa shi ɗan ƙasa ne ba. Zulfa ta ɗago kai. Ta yi ƙarfin hali ta tambayi maganarta.

“Na ba da ke, kuma ban saba magana biyu ba,” ya ce. “Ina roƙon Allah ya wanke mini zuciya a kan yaro nga. Ki bar ni in gwada.”

Ta hau bene da wannan ɗan guntun fata, ta kira Muhaimin ta gaya masa. Ya ce yana nan kusa, zai zo sallar la'asar a masallacin layinsu, ya nemi gafarar Alhaji a gaban ɗakin Allah. Ta ce ya bari tukuna, ya yi wuri. Ya ce gobe Juma'a, ranar gangami, ba shi da wani lokacin.

Masallacin ƙarami ne, ba ya ɗaukar mutanen layin, don haka ana shimfiɗa tabarmi a waje. Daga barandar bene Zulfa tana ganin komai. Ta ga mahaifinta ya fito da dardumarsa ya tsaya inda ya saba tsayawa, sahun farko na waje, ta dama. Ladan ya tayar da iƙama, mutane suka fara haɗa sahu.

A nan ta ga abin da ba wanda ya gaya musu a gida. Mutumin da ke hagun mahaifinta ya matsa gefe kamar yana gyara tabarma, na bayansa ya ƙi shigowa. Aka bar fili a gefen Alhaji Bawah, wurin tsayuwar mutum guda cur. Maƙwabtansa ne, wasunsu shi ya yanka ragon sunansu, wasu shi ya yi musu walicci. Ba ƙin sa suke ba, tsoro suke kada a ɗauki hotonsu kafaɗa da kafaɗa da shi. Shi kuwa ya kafa ido a wurin sujadarsa, kuma daga tsayuwarsa ta gane ba yau aka fara ba.

Ta toshe bakinta da mayafi.

Sai ga Muhaimin ya ratso sahu daga baya, ruwan alwala na ɗiga daga gemunsa. Bai dubi kowa ba. Ya shiga filin nan ya tsaya, ya haɗa ƙafarsa da ta Alhaji, ya jingina kafaɗarsa da tasa. Duk layin, shi kaɗai ya yarda a gan shi a wurin.

Zulfa ta riƙe ƙarfen barandar da hannu biyu tana addu'ar da ba ta san me take cewa ba. Liman ya ce a daidaita sahu. Mahaifinta bai motsa ba. Ta ga kafaɗun biyu a haɗe, ta fara ƙirga numfashinta, ɗaya, biyu, uku. Muhaimin ya ɗan karkato da kai, ya ce wani abu a hankali, wataƙila sallama, wataƙila neman gafara.

Alhaji Bawah ya sunkuya ya naɗe dardumarsa. Ya fita daga sahun, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya tsallaka titi ya shige gida. Liman ya yi kabbara. Muhaimin ya ɗaga hannuwansa tare da jama'a, babu kowa a damarsa, hagunsa ma an matsa.

Ba ta san yadda ta sauko benen ba. Ta tsaya a bakin zaure har mahaifinta ya idar da raka'a huɗu shi kaɗai, ya yi sallama, ya daɗe zaune. Bai waiwayo ba, amma ya san tana nan. Da ya yi magana muryarsa ta tsufa da shekara goma.

“Zulfa, Allah ya gani na gwada. Da bai yi magana ba, da na iya tsayawa.”

Ta buɗe baki za ta roƙe shi, ta tuna cewa duk ranar da Allah zai ba su a gidan aure, sai Muhaimin ya yi magana. Ta zauna a ƙasa a bayan mahaifinta.